Kawu Tanimu Mai Leƙen Bayan Talabijin

Duk gidan da Kawu Tanimu ya taɓa shiga sun san abin da zan fara da shi. Shi dai ba ya kallon talabijin ta gaba sai ya leƙa bayanta. Zai yi sallama, ya tuɓe takalmi, a shimfiɗa masa tabarma, ana ina wuni, ya hanya, ya mutanen Hunkuyi, yana amsawa da lafiya lau, lafiya lau, amma wuyansa ya riga ya miƙe, rabin jikinsa ya shige tsakanin bango da akwatin. Sai ya ga wace waya aka soka a wane rami, ya hure ƙurar wurin, ya girgiza kai, sannan ya dawo ya zauna a sake gaisuwa daga farko, tun daga gajiya har lafiyar kaji. Mahaifiyata, wadda ƙanwarsa ce, takan ce da a bayan talabijin ake ajiye dangi, da babu wanda zai kama ƙafar Yaya Tanimu a zumunci.

Ku da kuka san shi, ku yi mini haƙuri in na maimaita abin da kuka sani. Akwai kuma wanda ba ku sani ba, shi ya sa na zauna rubutun nan tun kafin tabarmin zaman makoki su gama naɗuwa.

Ga yaran yanzu da ba su tarar ba, Kawu shi ne mai gidan kallo a unguwarsu a Hunkuyi, zamanin kaset. Rumfa ce ta kwano, da bencina, da janareta mai tari, da talabijin mai ƙatuwar ƙeya, da bidiyon da ake tura wa kaset ta baki. Abin da ya haɗa bidiyon da talabijin waya ce mai kai uku, ja da fari da ruwan ɗorawa, kuma a wurin Kawu daga wannan waya ilimin Bature ya ƙare. Yakan ɗaga ta sama kamar mai wa'azi ya ce ɗorawa ido ce, ja da fari kunnuwa, haka Allah ya tsara mutum, haka kuma aka tsara na'ura. Na taɓa ce masa ai ido biyu ne da mutum. Ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "Abu nawa suke gani?" Ban sake ba.

Ranar da ɓera ya ci masa wayar magana ana tsakar fim ɗin Indiya, bai sallami 'yan kallo ba. Ya tsaya gefen talabijin ya riƙa yin muryoyin da kansa, alhali ko ruwa bai san sunansa da Indiyanci ba. A bakin Kawu, saurayin fim ɗin taki yake nema, budurwar kuma kuka take don ubanta ya sayar da barkono da wuri. An ce ranar aka fi jin daɗin kallo, har washegari wasu suka roƙa a sake cire wayar.

Wannan aƙida tasa ta kusa hana ni aure. Lokacin da mutanen Gazara suka zo neman aurena, shi aka tura ya binciko asalin gidan, tunda shi ne babba kuma yana da babur. Ya tafi da hantsi, ya dawo bayan la'asar fuska a murtuke. Iyayena suka kewaye shi, ni kuma ina laɓe bayan ƙofa ina saurare. Ya ce mutanen kirki ne, suna da rumbu, suna salla, bai sami wanda ya faɗi aibunsu ba. Sai dai fa ya shiga ɗakin yaron. Ɗorawa tana wurinta, fari yana wurinsa, ja kuwa an bar shi yana reto a iska.

"Da kunne ɗaya suke ji a gidan nan," in ji shi. "Ni dai na faɗa muku. In ta kawo ƙara nan gaba, kada a neme ni."

Aka yi auren. Har ya bar duniya bai taɓa kiran maigidana da sunansa ba sai Kunne Ɗaya, ko a gaban 'ya'yansa. Abin haushin kuma, duk ranar da muka saɓa a gida, na yi magana aka yi kamar ba a ji ba, sai Kawu ya faɗo mini a rai.

Ba ya yar da waya, ko ta mutu. Yana da wani buhun taki a ƙarƙashin gado cike da su, kowace da sunan da ya raɗa mata. Wayar eriya ta da, mai tsinke ɗaya a tsakiya, ita ce Kaka. Wata mai faɗin kai da haƙora jere, da ke zuwa da talabijin 'yan Kwatano, ya sa mata Kada. Da aka fito da mai kai biyar, har da kore da shuɗi, wai hotonta ya fi fita, ya jujjuya ta a hannu ya ce bidi'a ce, sannan ya jefa ta buhu ita ma.

Matarsa, Inna Asabe, ita kaɗai ce ba ta tsoron buhun. Gajeriyar mace ce mai saurin dariya, wadda ta iya zama da shi kamar yadda ake zama da ruwan sama: in ya zo a shiga ɗaki, in ya wuce a fito. Wata rana da kaka igiyar akuyarta ta tsinke, ta zura hannu ta zaro Kada ta ɗaure akuyar a turke. Kawu ya dawo daga masallaci ya gani. Ya durƙusa ya kwance wayarsa, ya goge ta da bakin riga, ya shige ɗaki. Akuya ta ga hanya, ta faɗa gidan maƙwabci inda aka shanya wake, ta yi abin da akuya ke yi. Da maƙwabcin ya zo har da mai unguwa, Kawu ya ce shi bai saki akuyar kowa ba, wayarsa ya kwance, abin da akuya ta yi bayan nan tsakaninta da uwar ɗakinta ne.

Inna na daga tsakar gida ta ɗaga murya ta ce, "Malam, tun da Kadan nan ta zo gidan nan, yau ta fara aiki ka kore ta."

Mai unguwa ya yi ta dariya har ya tashi bai yanke shari'ar ba.

Duniya dai ba ta tsaya jiran Kawu ba. Faifan sidi ya zo, ya ce madubin 'yan mata ne, kwana kaɗan zai yi. Sai ga dish mai kamo tashoshin waje, masu kallon ƙwallo suka koma wata rumfa a bakin kasuwa. Daga baya kowane yaro ya sami wayar hannu ya sa fim a aljihu. Kawu ya ci gaba da buɗe rumfarsa kullum da yamma, ya share, ya jera benci, ya sa kaset, ya zauna da wasu tsofaffi da inuwa ce kawai ke kawo su. Da su ma suka daina zuwa, wasu don ƙafa wasu don mutuwa, sai ya bar wa masu tattasai rumfar suka mai da ita wurin ajiya, ya kwashe kayansa ya kai ɗaki. Ba a daɗe ba Inna ta kwanta da wani zazzaɓi da ba wanda ya ɗauke shi bakin komai, ta rasu. Kawu ya karɓi gaisuwa idonsa a bushe, muka ce ai dama shi dutse ne.

Bayan 'yan shekaru, cikin wani ruwan tsakiyar damina, tsawa ta faɗo kusa da gidan ta bi waya ta kashe tsohuwar talabijin. Ɗansa Nura, taubashina, da ke aiki a Kaduna, ya ga dama ta samu ta faranta wa tsoho rai. Ya sayo filazma sabuwa fil, siririya kamar allo, ya kawo da kansa yana ta washe baki. Ina wurin. Kawu ko fuskarta bai duba ba. Ya kifa ta a kan katifa, ya bi bayanta da yatsa sama da ƙasa, ya sake bi. Babu ramukan nan uku, sai wasu 'yan siraran tsage. Nura ya shiga bayani, wai wannan ana ce mata HDMI, waya ɗaya ce tak, hoto da magana duk ta cikinta suke bi, kuma hoton har gashin girar mutum za ka gani.

"Hoto da magana, ƙofa ɗaya?" in ji Kawu. "Ko a Islamiyya ƙofar maza daban, ta mata daban."

Ya ce a mayar. Nura ya ce ba a mayarwa. Ya koma Kaduna ransa a ɓace, ni kuma na raka shi tasha ina tsokanarsa, wai ya saya wa mai sanƙo matsefi.

Washegari Kawu ya naɗe filazmar cikin bargo, ya ɗaure a bayan babur, sai Ikara wurin Yohanna. Yohanna mai gyaran rediyo da talabijin ne, mutumin kudancin Kaduna da ya tsufa a Ikara, abokin Kawu tun zamanin rumfa. Sun shekara da shekaru suna musu a kan komai ban da addini. Kawu ya ajiye kayan ya ce ya huda masa ramuka uku a bayanta, ya shafa wa kowane fentinsa. Yohanna da bakinsa ya ba ni labarin, ya ce ya zaci wasa ne sai da ya ga Kawu ya zaro ƙusa daga aljihu. Ya zaunar da shi, ya sa aka kawo masa ruwa, ya ce ba rami ne matsalar ba, tsohon bidiyo da sabuwar talabijin ba yare ɗaya suke ji ba. Kawu ya ce to a nemo tafinta mana. Yohanna ya ce abin mamaki akwai shi, wani ɗan akwati ne kamar na ashana, amma sai an yi saƙo Kano.

Kawu bai yarda da tafintan da bai gani ba, don haka ya bazama neman tsohuwar talabijin irin tasa. A da kowane gida akwai ta, amma 'yan gwangwan sun riga shi, sun bi ƙauyuka sun kwashe suna fasawa don tagullar ciki. Da ƙyar ya ji labarin wata a Saulawa, wurin wani tsohon malamin makaranta da ya mai da ita wurin ɗora fitila. Aka jona, tana aiki. Ya ɗaura ta a babur ya kamo hanya. Hanyar duk taɓo, ga shekaru, ga kaya mai nauyin buhun masara a bayansa. Babur ya zame, gilashin ya tarwatse a kan dutse.

Gidana a Makarfi ya fi kusa, nan ya iso da yamma, riga duk laka, gwiwa na jini, da gawar talabijin ɗaure a baya, don ko fasasshiyar bai iya bari a hanya ba. Ina wanke masa ciwon da ruwan gishiri ina masa faɗa, tunda ni na sami fuska a wurinsa. Na ce me zai kalla haka da zai kashe kansa, bayan duk finafinan da ya tara suna cikin wayar jikokinsa?

Sai ya tambaye ni ko na tuna bikin babbar 'yarsa, wanda ya aro kyamara daga Zariya ya ɗauka da kansa. Na tuna, don mun sha yi masa dariya: rabin kaset ɗin ƙafafun mutane ne, rabi sararin sama. Ya ce to a ciki akwai wurin da ya leƙa madafa, Inna na tuƙin tuwo, ta juyo ta gan shi, ta ja mayafi, ta yi magana ta yi dariya. Ya ce tun da ta rasu, kullum bayan la'asar sai ya kulle ɗaki ya kalli wurin nan, ya mayar baya ya sake kallo. Kun san Inna ba ta yarda a ɗauke ta hoto ba. Duk gidan babu hotonta sai na katin zaɓe, inda ta fito kamar wadda aka kama da laifi. Muryarta kuwa babu ita a ko'ina a duniya sai a wurin nan.

Na ajiye tsumman. Na ce ai talabijin ɗin gidanmu tsohuwa ce, tana da ramukan, ya kawo kaset ɗin gobe-goben nan.

"Ba a kai matar mutum gidan suruki a kalle ta," in ji shi.

Na ce to mu kai masa tamu har Hunkuyi. Ya ce ta gidan Kunne Ɗaya? Bayan haka ma, in aka ga an ɗauko talabijin daga Makarfi alhali ga sabuwa a ɗakinsa, za a tambayi dalili, shi kuwa ya gwammace ƙasa ta tsage da a ji tsoho kamarsa na kulle ɗaki don ya kalli matarsa. Ya sa na yi alkawari ba zan gaya wa kowa ba muddin yana da rai. To Nura, yau ka ji. Ba kyautarka ya raina ba.

Tafintan farko ya iso ta hannun wani direba. Aka jona, talabijin ta yi shuɗi ta tsaya. Yohanna ya sa tabarau ya duba kwalin, ya ga an aiko da na baibai: shi wannan daga sabuwar na'ura yake ɗauka ya kai wa tsohuwar talabijin. Kawu ya saurari bayanin har ƙarshe, ya ce, "Wato yana ɗaukar maganar yara ya kai wa tsofaffi, amma ba ya kai maganar tsofaffi wurin yara. Ai irinsa sun cika gari." Ya karɓe shi ya jefa buhu.

Na biyun sai da ruwa ya ɗauke ya zo. Yohanna ya kawo shi Hunkuyi da kansa ranar kasuwa, Kawu ya aika aka kira ni. Da hannunsa ya soka kawunan nan uku a jikin ɗan akwatin, kowane da bisimillarsa, Yohanna ya ja siririyar wayar daga akwatin zuwa filazma. Da ya gama sai ya ce zai je zaure ya sha iska. Babu wanda ya gaya masa komai, amma ba a banza ya tsufa da Kawu ba. Ni na fito da wayata na ce bari in riƙa ɗauka daga jikin talabijin, ko don ajiya. Kawu ya ce in bari ta fito sosai tukuna, kada in cika ta da ƙafafun mutane.

Hoto ya zo. Duk ya yi hazo-hazo, mutane sun yi faɗi kamar an zauna a kansu, amma ya zo. Kawu har da ƙyaƙyacewa, wai in tambayi Nura ina gashin girar. Ga ƙafafu, ga sama, ga tukwane jere. Sai ga madafa, ga hayaƙi, ga bayan Inna da muciya a hannu. Kawu ya matso gaba har gwiwarsa na taɓa teburin. Ta fara juyowa ke nan sai layuka suka keto hoton, ya yage, ya koma fari fat. Muryar ce kawai ta fito, tar da ita, kamar tana bakin ƙofa:

"Malam, don Allah ɗauke abin nan daga kaina, tuwon mutane zai yi ƙauri."

Kafin dariyar ta zo, bidiyon ya yi wata ƙara kamar akuya na taunar leda, ya tsaya.

Yohanna ya shigo da gudu. Ya kwance murfin, ya riƙa zaro zaren kaset ɗin a hankali, duk ya cukurkuɗe kamar hanjin kaza. Ya ce sanyin damina ya kama shi a watannin da ya yi a ajiye, kuma daidai wurin nan ya fi ko'ina sirancewa saboda yawan mai da shi baya. Ya zauna a ƙasa yana ta fama har rana ta yi ja. Wanda ya daƙile bai gyaru ba, ya yanke shi, ya haɗa bakin biyu da salatif. Aka sake sawa. Ga tukwane, sai kawai ga maza suna wanke hannu za su ci abinci. Kawu ya sa aka mayar baya, ya sake kallo, ko za ta ɓullo.

"Shekara da shekaru tana cewa in ɗauke abin nan daga kanta," in ji shi. "To ga shi an ɗauke."

Ya tashi ya ɗauki buta. Yohanna ya ƙi taɓa abincin da aka kawo masa, na raka shi har ya hau motar Ikara.

Daga ranar Kawu ya bar wa jikoki filazmar suna kallon ƙwallo, shi kuma ya koma zaman ƙofar gida. Ya daina hawa babur. Musun da yake ji da shi ma ya daina, duk abin da ka faɗa sai ya ce haka ne, wanda a wurin mai hali irin nasa ya fi kowane ciwo ba mu tsoro. An kai shi asibiti a Zariya, aka ce ba a ga wani abu ba sai tsufa.

Zuwana na ƙarshe lokacin yankan rake ne, na kai masa mazarƙwaila don yana sonta. Na same shi a kwance, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ce in turo ƙofa. Ya ce muryar ta fara ɓace masa, in ya nemo ta a kansa sai ya ji kalmomin kawai, babu mai faɗarsu. Ya ce ai ni tun ina yarinya na iya kwaikwayon mutane, kuma ban da shi ni kaɗai na ji ta ranar, in faɗa masa yadda ta faɗa.

Na gyara murya na faɗa. Ya rufe ido yana saurare. Ya ce in sake, in ɗan ja "Malam" ɗin, ita ba ta yanke shi haka. Na sake. Ya ce to saura dariyar. Na buɗe baki, abin da ya fito ba dariya ba ce, na toshe shi da mayafi.

"Ba haka ba ne," in ji shi. "Amma na gode, Allah ya yi miki albarka."

Ya juya ya fuskanci bango. Ban sake ganinsa da rai ba.

Allah ya jiƙan Kawu Tanimu, ya yafe masa taurin kansa, ya sa ya huta. Allah ya jiƙan Inna Asabe, ya haskaka kabarinta. Ya Ubangiji ka haɗa su a gidan rahamarka, ta juyo ya ga fuskarta, ta gama maganarta, ta yi dariyarta har ƙarshe. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.